Injin Yayana da Kofi Biyu na Riɗi

A layin masu gyara na kasuwar Gadarif mu biyu ne muka fito ciki ɗaya, ni da yayana. Shi naɗin waya yake yi: idan motar fanka ko ta famfon ruwa ta ƙone, ya warware ta ya naɗa mata sabuwar waya. Ni kuwa rediyo da rikoda nake gyarawa, daga baya har da talabijin. Bangon kwano ne ya raba shagunanmu, ko tari ya yi ina ji.

Kakanmu ya taso daga yamma da ƙafa zai tafi Makka. Ya tsaya a Mafaza don ya yi noman shekara guda ya sami guzuri, sai ya yi aure, bai ƙara gaba ba. Cikin abin da ya zo da shi akwai wani babban akushi baƙi. Shi ne ya bi ubanmu, ya biyo mu har Gadarif. A cikinsa duk layinmu ke cin fatur, abincin hantsi. Wani ya kawo ful, wato dafaffen wake, wani albasa, wani man riɗi, wani burodi. Yayana ya dama, ya ɗaga murya ya ce, "Itfaddalu!" wato ku zo mu ci. Kowa ya ajiye abin da ke hannunsa ya zo ya tsuguna. A wurin akushin nan ake jin wanda aka yi wa haihuwa da wanda ya yi rashi, a nan ake shirya waɗanda suka yi faɗa. Wanda ba ya cin fatur da mutane, yana cikin kasuwa ne kawai, ba ya cikin layi.

Ban iya karatu ba sai da furfura ta fara fito mini. Na yi allo kaɗan ina yaro, noma ya ɗauke ni. Da aka buɗe ajin manya a wata makaranta kusa da unguwarmu, na shiga. Bayan la'asar muke zuwa, mu zauna kan bencin yara, gwiwoyinmu na dukan tebur. Baƙaƙe sun ba ni wuya ƙwarai, har yanzu a hankali nake rubutu. Amma lissafi ya shige ni, musamman lissafin sau. Nakan zauna in yi ta ninka lambobi a bayan kwalin batir don jin daɗi kawai.

A wannan lokacin ne na sami na'urar da ta jawo maganar nan. Wani tsoho ɗan gudun hijira, wanda ya shigo ta Gallabat a kan iyaka, ya zauna kusa da mu yana taya ni gyara. A ƙasarsu aikin gidan waya ya yi. Yana da wani akwatin ƙarfe mai ɗan gilashi a gaba, sunansa osiloskof. Idan ka ɗora wayoyinsa a kan wuta, sai wani koren zare ya fito a gilashin, yana hawa yana sauka, yana nuna maka yadda wutar take tafiya a kowace ƙiftawar ido. Tsohon ya koya mini shi da hannu da zane, don Larabcinsa kaɗan ne. Da zai wuce gaba, ya ce ba zai iya ɗaukarsa ba, ya bar mini. Mutanen layi suka sa masa suna talabijin marar hoto.

Shekarun farko ne na mulkin masu gemu. Kahraba, wato wutar lantarki, ta zo ta tafi yadda ta ga dama, layin fetur ya fi layin burodi tsawo. A rediyo kullum ana cewa duniya ta rufe mana ƙofa saboda addininmu, amma Allah zai buɗe mana taskokinsa ta hannun 'ya'yan ƙasa. Kowace unguwa aka naɗa mata lajana, wato kwamitin da ke raba sukari, yana kuma lura da kowa.

Yayana mutum ne mai hannu. Ya daɗe yana haɗa wani abu a bayan shagonsa: naɗin waya guda uku, da wata ƙafar keke da ya liƙa wa maganaɗisu, da taransisto da ya karɓa wurina. Ya haɗa da batirin mota. Idan ya tura ƙafar da yatsa sai ta ɗauki gudu, doguwar fitila ta kama, ƙaramar fanka ta juya. Abin gwanin kyau ne, ban taɓa musun wannan ba.

Wata rana ya zo wurin fatur fuskarsa na ƙyalli.

"Ya jama'a, na auna," in ji shi. "Injin nan abin da yake bayarwa ya fi abin da yake ci. Ya ninka shi."

Layi ya ɗauki kabbara. Mai shayinmu, wata dattijuwa da duk muke kira Inna, ta ce, "To ka yi mini irinsa na sukari, ya usta, gwanin aiki, in zuba cokali in kwashe biyu."

Aka yi dariya. Ƙane ba ya musa wa wansa a gaban mutane. Sai da aka watse na zagaya shagonsa.

"Yaya, ta yaya ka auna?"

Ya nuna mini. Ya ɗora mitarsa a bakin fitar wuta, ya karanta folt, wato ƙarfin turin wutar. Lamba ce babba. Ya cire, ya juya mitar, ya karanta ambir, wato yawan wutar da ke gudana. Ya ninka wannan da wancan. Haka ya yi a bakin batir. Na fita ya fi na shiga nesa ba kusa ba.

"Ba kai ne mai lissafin sau ba?" ya ce. "Ninka da kanka."

Na ninka. Lissafinsa daidai ne. Na ce, "Ka bar ni in kawo akwatina in duba."

"Kawo talabijin ɗinka. Ko ya nuna mana wasan ƙwallo."

Aikin ya ci mini lokaci, don tsohon nan ya gargaɗe ni a kan abubuwa da dama kuma ban manta ba. Akwatin ba ya ganin ambir kai tsaye. Sai ka sa wata 'yar muƙawama a hanyar wutar, ƙaramin abin da ke ɗan tare ta, ka duba turin da ke bayansa, daga nan ka san yawan abin da ya wuce. Da farko na sa wata ta naɗaɗɗiyar waya, sai na ga zaren yana tsalle-tsallen da ban yarda da su ba. Na tuna ita kanta naɗi ce, tana ƙara nata. Na cire, na sa ta gawayi, na gajarta ƙafafunta. Sannan bakin kada biyu na wayoyin akwatin, waɗanda ake maƙalawa a ƙasa, dole su ciji wuri ɗaya, don a cikin akwatin a haɗe suke. In ka raba su, ka gajarta wutar da hannunka, abin da ka gani kuma ƙarya ne.

Da komai ya zauna, zare biyu suka fito, ɗaya na folt, ɗaya na ambir. Na daɗe ina kallonsu.

Folt ɗin da yayana ke alfahari da shi yana nan, dogo ƙwarai. Amma siriri ne kamar allura. Ya harba sama ya faɗo nan take. A daidai lokacin da yake sama, zaren ambir yana kwance kusan a ƙasa. Sai ambir ya taso a hankali, ya kai ƙarshen hawansa bayan folt ya riga ya sauka. Ba su taɓa haɗuwa a sama ba. Har akwai wurin da ɗaya ke sama da layin tsakiya ɗayan yana ƙasa, ma'ana wutar tana komawa inda ta fito.

Nan take gonar ubanmu ta faɗo mini a rai. Tana bakin Rahad, inda kogin ya yi gwiwa. Ta yi tsawo ta gefe ɗaya, ta yi faɗi ta wani, amma tsakiyarta a tsuke take, ruwa ya cinye. Ubanmu, Allah ya jiƙansa, in zai faɗi girmanta, sai ya ja igiya ta inda ta fi tsawo, ya ja ta inda ta fi faɗi, ya haɗa. Kowace shekara ya tanadi iri na babbar gona, kowace shekara iri ya yi saura, ya ce masu shuka ne ba sa cika hannu. Mun taso muna jin haka ake auna abu. Yayana ya auna injinsa kamar yadda ubanmu ke auna gona.

Ban tsaya ga kallo ba, don ido ma yana ruɗi. Na shimfiɗa farar leda a kan gilashin na kwafi zaren biyu. Gilashin yana da layuka a tsaye. A kowane layi na ɗauki tsawon wannan zare na ninka da tsawon wancan, na sa ɗigo a kan kwali. Da na haɗa ɗigogin sai zare na uku ya fito, wanda ke nuna ainihin aikin da wutar ke yi a kowane lokaci. Na yi na bakin batir, na yi na bakin fita, da ma'auni ɗaya. Saura in san wane zane ne ya fi ciki. Ban san lissafin wannan ba, ba a koya mana a aji ba. Amma ni ɗan Gadarif ne. Na je wurin masu hatsi na ɗebo riɗi. Na shimfiɗa shi a cikin kowane zane, ƙwaya kusa da ƙwaya, ba hawa kan juna. Inda wuta ta koma baya, na auna shi ma na ɗebe daga ciki. Na ari kofin shayi biyu wurin Inna, na juye na shiga a ɗaya, na fita a ɗaya.

Na batir ya kusa cika. Na fita da kaɗan ya wuce rabi. Na sake yi tun daga farko, har na sauya muƙawamar. Haka dai.

Na kai wa yayana kofunan, babu kowa a shagon. Na yi masa bayani, na tuna masa gonar Mafaza. Ya saurara har na gama.

"Watau ubanmu ma bai iya awo ba," ya ce.

"Ban ce bai iya noma ba, Yaya."

"Ka je ajin yara ka zauna, yanzu ka dawo kana gyara wa matattu. Mita ta faɗi magana, kai ka kawo mini abin miya."

"Injinka yana da kyau. Zai yi cajin batir, mutanen ƙauye za su so shi. Amma ba ya haihuwa. In kana so mu gane, mu mayar da wutar da yake fitarwa ta ciyar da shi, mu cire batirin."

"Ba a taɓa mini inji."

Da a nan maganar ta tsaya, da ba komai. Amma labari ya riga ya kai kunnen shugaban lajana. Mutum ne mai ɗan gemu da jakar hannu, ba mugu ba ne, sai dai yana son a gan shi. Wani babban baƙo zai zo daga Khartum, ana neman abin da za a nuna masa. Ya zo layinmu daidai lokacin fatur, ya tsuguna ya ci tare da mu, ya yi ta yabon yayana.

"Ga irin abin da muke faɗa," in ji shi. "An hana mu kayan aiki, Allah ya ba mu ta hannun talaka. Kuma, ya usta, wannan dama ce gare ku. Masu cewa ku Fallata, jikokin mutanen yamma, baƙi ne, za su ga abin da kuka yi wa ƙasa."

Na ga yadda maganar ta shigi yayana. An haife shi a ƙasar nan, an haifi ubansa a ƙasar nan, amma bai taɓa shiga wani ofis ba a tambaye shi daga ina ya zo ba. Na san wannan ciwon, nawa ne ni ma.

Sai shugaban ya juyo gare ni. "An ce kai kake da na'urar Turawa. Ranar taro za ka kawo ta, ka kunna, ka shaida wa baƙo cewa ka auna ka tabbatar."

Hannuna yana cikin akushi. Yayana bai dube ni ba, yana gutsurar burodi.

"Ustazu," na ce, "na auna. Ban tabbatar ba."

"Ba ka gama ba ke nan. Ka gama."

"Na gama. Abin da ke fita bai kai abin da ke shiga ba."

"Ya zol, kai mutumin nan, kana shakkar ikon Allah ne?"

"Ban yi shakka ba. Wanda ya yi wutar shi ya yi mata iyaka, shi ne kuma ya hana mu tauye awo ko ƙara shi. In kana so in ce injin yana kunna fitila, zan faɗa a gaban kowa. In ce yana cajin batir, zan faɗa. Amma ba zan ce na ga abin da ban gani ba."

"Kalma ɗaya ce fa. Don ɗan'uwanka."

"Shi ya sa ba zan faɗa ba. Gobe wani zai sayar da shanunsa a Basunda ya zo ya ce a yi masa irinsa ya ja ruwa. Wa zai tsaya a gabansa in injin ya mutu a gona? Ba kai ba ne, Ustazu."

Shugaban ya miƙe, ya wanke hannu, ya ce akwai mutanen da karatu ke ɓatawa ko da sun same shi a makare. Yayana ya ɗauke akushin tun ba a gama ci ba.

Washegari da hantsi na ji ana dama ful. Na ji ƙamshin man riɗi ta ƙarƙashin kwano. Na ji yayana yana kiran mutane, amma bai ce "Itfaddalu" ba. Ɗaya bayan ɗaya ya kira su, kowa da sana'arsa: mai walda, mai faci, mai agogo. Ya tsallake ni. Babu wanda ya leƙo.

Na sayi burodina na ci a kan teburin aiki, tsakanin dalma da tsoffin sifiku. Haka gobe, haka jibi. Mutane suna gaishe ni, suna kawo mini rediyo, amma da hantsi ya yi sai kowa ya kau da kai. Abin ya yi mini zafi fiye da yadda na zata. Wasu suka zo a ɓoye suka ce in je in ba shi haƙuri, in ce akwatina ne ya lalace, shi ke nan. Na ce akwatina lafiyarsa lau. Matata ta ce matarsa ta daina aiko yara gidanmu. Na ce za su dawo.

Inna ce kaɗai ba ta sauya ba. Takan kawo mini shayi ta tsaya.

"Kai da ɗan'uwanka kan jaki ɗaya aka raba muku," in ji ta. "Yaushe za ka ba ni kofunana?"

"Suna aiki, Inna."

"Aikin me? Riɗi ne a ciki. Ko jira kake ya tsiro?"

Na ajiye su a kan kanta, inda duk mai shigowa zai gani. Wanda ya tambaya in yi masa bayani, wanda bai tambaya ba in ƙyale shi.

Baƙon ya zo. Ban je ba, labari aka ba ni. An tura ƙafar keke, fitila ta kama, an yi kabbara, baƙon ya dafa kafaɗar yayana ya ce za a aiko a ɗauke shi zuwa Khartum. Ba a aiko ba. Injin bai ba da kunya ba, bai kuma yi komai ba. Ya koma bayan shago, aka rufe shi da buhu. Shugaban lajana ya sami wani abin yi. Amma ni har yanzu ba a kira ni ba.

Damina ta shigo, baƙar laka ta riƙe takalman mutane, kasuwa ta yi sanyi don kowa ya tafi gona. Damina ta wuce, motocin riɗi suka fara shigowa. Ina ta jira yayana ya huce ya kira ni. Wata safiya ina jin ƙarar cokali a jikin akushi, sai na tambayi kaina me nake jira. Ban yi sata ba, ban zagi kowa ba. Akushin nan kakana ne ya ɗauko shi a ka daga yamma, kamar yadda yake kakansa. In na ci gaba da zama ni kaɗai, na yarda ke nan cewa laifi na yi.

Na ɗauki albasa biyu da burodina. Na wanke hannu a butar layi. Na je na tsuguna a wurin da na saba, tsakanin mai faci da yayana. Na ajiye albasar.

Hira ta tsaya. Mai walda ya dubi sama kamar yana neman hadari.

"Wa ya kira ka?" in ji yayana.

"Ba kowa, Yaya."

"Ka sauya magana ne?"

"A'a. Yadda na auna haka yake."

"To me ya kawo ka?"

"Yunwa. Kuma akushin gidanmu ne."

Na ce bismillah na sa hannu. In ya ɗauke akushin a karo na biyu, ban san ta inda za mu sake haɗuwa ba. Ya dube ni, ya dubi hannuna. Inna daga wurin murhunta ta ce, "Ya usta, ko dai ka ci ko ka ba ni rabonka, ful yana hucewa."

Yayana ya ɗauki albasa ɗaya daga cikin nawa, ya fasa ta da dunƙulen hannu a kan gwiwarsa, ya watsa a cikin akushin.

"Injina yana bayar da fiye da abin da yake ci," ya ce, ba tare da ya dube ni ba.

"Ba ya yi, Yaya."

"Matsa can, kana tare mini mai."

Na matsa kaɗan. Muka ci.

Bai taɓa janye maganarsa ba har Allah ya karɓi ransa, ni ma ban janye tawa ba. Daga baya ya cire buhun, ya riƙa yi wa mutanen ƙauye cajin batirin rediyo da injin, kuma ban taɓa jin ya ce wa ɗayansu injin ba ya bukatar a ciyar da shi. Ranar da muka ci fatur ɗin nan, da yamma, na juye riɗin, na wanke kofunan na mayar wa Inna. Ta ɗaga su ta duba ta hasken rana, ta ce ɗaya ya tsage.